Majinyacin da ya daina zuwa karɓar magani: nazarin wani lamari a wata cibiyar lafiya ta Garwa

Lamarin ya faru ne a wata ƙaramar cibiyar lafiya a Garwa, irin mai ɗakin haihuwa da ɗakin awo da sashe guda na masu karɓar maganin ƙanjamau. An ɓoye sunan cibiyar da na duk wanda ke cikin labarin, domin a Kamaru irin wannan magana tana iya kai mutum gidan yari, ko ta sa a tare shi a hanya. Ma'aikatan gauraye ne kamar yadda garin yake: Fulani da Hausawa da Tupuri da Mundang, da wasu 'yan kudu da aiki ya kawo. Da Faransanci ake cika takarda, da Fulatanci ake karɓar yawancin majinyata, Hausa kuwa ta 'yan kasuwa ce da 'yan tasha da waɗanda suka tsallako daga Yola ko Mubi.

Majinyacin Bahaushe ne, ya haura shekara talatin, yana sayar da tuwo da soyayyar kaza a bakin wata tasha. Duk wanda ya san shi ɗan daudu yake ce masa. Ba kowane ɗan daudu ne yake ɗaukar kansa mace ba, da yawa suna da mata da 'ya'ya, sana'a ce da ɗabi'a suka haɗa su. Shi wannan dai ya faɗa wa mai ba da shawara ta cibiyar cewa tun yana yaro a zuciyarsa mace ce, wato irin mutanen da gidajen rediyo ke kira masu sauya jinsi, ko da yake bai taɓa ganin likitan tiyata ba, bai ma da kuɗin ganinsa. A cikin ɗakin shawara ya fi son a ce masa "ke". A gaban jama'a kuwa da bakinsa ya roƙi a bar shi a "kai", don ya tsira da fatarsa. Wannan rubutu a gaban jama'a yake, saboda haka "shi" za a ce.

Abin da ya faru

Ya daɗe yana zuwa karɓar magani ba tare da ya tsallake rana ba. Wata safiya layi ya cika, wata yarinya mai koyon aikin nas tana kiran sunaye. Da ta zo kan nasa sai ta ɗaga murya ta ƙara masa "Hajiya" a gaba, tana karya wuya. Layi ya fashe da dariya. Mai gadi ya jefa tasa daga bakin ƙofa. Shi bai ce uffan ba, ya miƙa karnensa, wato ɗan littafinsa na asibiti, ya karɓi maganinsa ya fita.

Da a nan ta tsaya da sauƙi. Wani daga cikin ma'aikata ya ɗauki hoton hannunsa mai lalle riƙe da karnen, ya saka a zauren WhatsApp na ma'aikatan. Daga can hoton ya faɗa wayar wani mai haya da babur, ƙanen ɗaya daga cikinsu, kafin sati ya zagayo ya isa tasha. Daudancinsa ba labari ba ne a tasha, kowa ya sani kuma ana cin tuwonsa. Sabon labarin shi ne launin karnen da tagar da ya tsaya a gabanta. Masu ciniki suka janye. Ranar dawowarsa ta zo ta wuce, wata ta biyu ma haka, sunansa ya koma layin waɗanda suka ɓace a rajista.

Wanda ba ma'aikacin lafiya ba zai iya ɗaukar wannan ƙaramin abu. Maganin da yawancin manya ke sha yanzu ƙwaya ɗaya ce a rana, haɗin tenofovir da lamivudine da dolutegravir. Idan ana sha yadda ya kamata ƙwayar cutar takan ragu a jini har awo ya kasa ganinta, kuma mai irin wannan awo ba ya yaɗa ta ta hanyar jima'i. Idan aka daina, cikin 'yan makonni take sake yawa. Gwamnatin Kamaru ta mai da maganin kyauta tun 2007, ta kuma cire kuɗin awo da sauran hidimomin ƙanjamau a asibitocinta daga Janairun 2020. Ba kuɗi ne ya hana mutumin nan zuwa ba, bakin ma'aikata ne.

Shugabar nas-nas ɗin, wadda ake kira majo, ita ce maganar ta faɗo wa. Mace ce mai shekaru, ta yi aikin hajji, ba wanda zai zarge ta da sakaci da addini. Wannan ya taimake ta ƙwarai, kuma ta san da haka.

Dalilin da ba ta kira taro ba

An taɓa turo wa cibiyar masu horarwa daga Yawunde, suka kwana biyu suna haska bango da na'ura, suna jero haruffan Turawa na rukunin mutane iri-iri. Ma'aikata suka sa hannu, suka karɓi kuɗin zama, suka fito da fahimta guda: Turawa ne ke biyan kuɗi don a koya musu son abin da addininsu ya hana. Majo tana cikin ɗakin ranar, ta ga yadda fuskoki suka rufe. Ta san idan ta tara su ta ce za a yi maganar karɓar masu sauya jinsi, kowa zai tsaya bayan addininsa ko ƙabilarsa, wanda ya fi ɗaga murya shi zai ci. Ba wanda yake sauka daga ra'ayinsa a gaban abokan aikinsa. Sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa da ƙofar da ta shiga masa.

Da yarinyar ta fara, kuma ba ta ja da nisa ba. Ta zaunar da ita a ofis ta tambaye ta abin da sashe na 310 na kundin hukunta laifuka ya ce. Yarinyar ba ta sani ba. Sashen yana hukunta duk wanda ya tona sirrin da ya sani ta dalilin aikinsa da ɗaurin wata 3 zuwa shekara 3, da tarar sefa 20,000 zuwa 100,000. Yarinyar ta ce, "Adda, wasa ne fa, ni ban ɗauki hoto ba." Majo ta ce ta sani, amma ita ce ta nuna wa ɗakin cewa wannan mutum an halatta a yi wasa da shi, mai hoton bin sawunta ya yi. Ta ɗauke ta daga taga ta mai da ita ɗakin allurar yara.

Mai ba da magani

Nan ne aikin yake. Mai ba da maganin mutum ne mai karatu, yana jan salla a ƙaramin masallacin cibiyar, ma'aikata maza suna jin maganarsa fiye da ta likita. Bai yi dariya ba ranar, bai kuma saka hoto ba, amma shi ne ya ce a zaure abin da ya sami mutumin shi ya jawo wa kansa. Hujjarsa ba ƙirƙira ba ce: hadisin Ibn Abbas da ke cikin Bukhari, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci maza masu kamanta kansu da mata da mata masu kamanta kansu da maza.

Majo ba ta musa hadisin ba. Da ta yi haka da ta rasa shi nan take, ta kuma rasa sauran. Ta ce, "Malam, kai ne mai karatu, ni tambaya nake. La'anar nan, an ba ni da kai aikin zartar da ita a bakin taga?" Ta tuna masa abin da shi ma ya sani, cewa malamai irin su Imam Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, sun raba tsakanin wanda aka halitta da taushin murya da motsin mata, wanda ba laifi a kansa, da wanda ya ɗora wa kansa da gangan. Ta tambaye shi ko shi yana da awon da zai gane wanne ne wanne daga bayan gilashi. Ta kawo ruwayar Abu Dawud ta mutumin da aka kawo wa Annabi ya yi lalle a hannu da ƙafa: an fitar da shi zuwa wani wuri da ake kira Naƙi'u, amma da aka ce ko a kashe shi, Annabi ya ce an hana shi kashe masu salla. Mutumin nan na tasha yana salla, kowa ya shaida.

Malamin ya riƙe rabin ruwayar da ta yi masa daɗi, ya ce to ai an kore shi. Majo ta ce shugaba ne ya yi hukuncin, ba mai rabon magani ba, kuma ba a ce an hana shi abinci ko magani ba. Sannan ta juya maganar inda ya fi ƙarfi a wajenta, Suratul Hujurati, aya ta 11 da ta 12: kada wasu su yi wa wasu izgili, kada a jefi juna da munanan laƙabi, kada a yi binciken asirin mutane, kada a ci naman juna. Ta ce a cikin abubuwa huɗun nan wanne ne ba a yi a cibiyar ba cikin sati guda? Da hadisin da ke cewa wanda ya suturta Musulmi Allah zai suturta shi duniya da lahira.

Ba ranar ya amsa ba. Abin da ya fito daga bakinsa bayan kwanaki shi ne, ra'ayinsa kan daudanci yana nan inda yake, amma tona asirin majinyaci haramun ne, kuma zai faɗi haka bayan sallar azahar. Ya faɗa. A ganina wannan ne babban abin da majo ta samu a duk lamarin, kuma ta same shi ne don ba ta nemi fiye da shi ba. Akwai masu ganin irin wannan rabin nasara ce, tunda mutumin bai sauya zuciya ba. Majinyaci dai ba zuciyar mai magani yake haɗiya da safe ba.

Tsoron doka, da maganar asiri

Abokin aikin da ya zo daga kudu, Kirista ne mai kula da ɗakin awo, tasa damuwar daban ce. Ya ce doka ta hana, idan suka lallaɓa irin waɗannan mutane za a ce suna da hannu. Nan sai da aka buɗe dokar. Sashe na 347-1 na kundin 2016, wanda ya gaji sashe na 347 bis na 1972, yana hukunta jima'i tsakanin jinsi ɗaya da ɗaurin wata 6 zuwa shekara 5 da tarar sefa 20,000 zuwa 200,000. Aiki ya ambata. Bai ambaci lalle ko tafiya ko murya ba, bai kuma ɗora wa nas kai rahoton majinyaci ba. A maƙwabciya Cadi ma, sashe na 354 na kundin 2017 jima'in ya hukunta.

Sai dai tsoron nasa ba na banza ba ne, domin yadda ake aiki da dokar ya wuce abin da aka rubuta. Ya kawo misalin Shakiro, wata mai sauya jinsi da ta yi suna a Facebook. An kama ta da ƙawarta Patricia a wani gidan abinci a Duwala a Fabrairun 2021 suna sanye da kayan mata, a watan Mayu kotu ta yanke musu shekara 5 kan "yunƙurin" luwaɗi, ba tare da an kama su suna aikata komai ba. An sake su a Yuli kafin a saurari ƙarar da suka ɗaukaka, a Agusta wasu gungun matasa suka fito da su daga tasi suka lakaɗa musu duka, ana ɗauka a waya. Daga baya Shakiro ta sami mafaka a Beljiyam. Majo ta ce wannan labari hujjarta ce ba tasa ba: idan tufafi kawai ya isa a ɗaure mutum shekara 5, to hoton da ya fita daga cibiyarsu zai iya zama takardar kama wani, ko sanadin ajalinsa. Ta tuna masa da wani mata-maza da jama'a suka yi wa tsirara suka wulaƙanta a Yawunde a Nuwamban 2021, mutumin da haka aka haife shi, wanda fiƙihu ma ya tanadar wa irinsa babi a rabon gado. Masu dukan ba su tsaya tambayar bambanci ba.

Akwai kuma abin da bai fito fili ya faɗa ba sai da hira ta yi nisa. A kudancin Kamaru mutane da yawa sun yarda cewa harkar nan ta ƙungiyoyin asiri ce, hanyar samun kuɗi da muƙami, tun ma kafin wasu jaridu su wallafa jerin sunayen manyan mutane a farkon 2006 suna zarginsu da luwaɗi. Majo ta yi dariya ta ce ya je tasha ya ga dukiyar. Mutum yana hura wuta tun asuba a zafin Garwa na watan Afrilu don ribar da ba ta kai kuɗin hayar ɗaki ba, wace ƙungiyar asiri ce wannan?

Ta gaya masa kuma, a matsayinsa na ma'aikacin lafiya, cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire halin masu sauya jinsi daga babin cututtukan ƙwaƙwalwa a sabon kundinta na rarraba cututtuka da aka amince da shi a 2019, ya fara aiki a Janairun 2022. Wannan bai burge shi sosai ba. Maganar hoton ce ta kama shi, don shi ma ya tura wa mutum ɗaya.

Mai gadi kuwa tsoho ne, da shi magana ba ta yi tsawo ba. Majo ta ce, "Baba, kai da ka yi zamani, yaushe aka fara ganin 'yan daudu?" Ya ce tun yana yaro suna nan, su ke dafa abincin biki, su ke tare da masu bori, har Makka ana haɗuwa da su. Ta ce to ashe ba Bature ne ya kawo su da na'urar haska bango ba. Ya ce a'a, wannan kam namu ne. Bai ƙara jefa magana daga bakin ƙofa ba, ko da yake wannan na iya zama don ya ga abin da ya sami yarinyar.

Abin da shi majinyacin ya so

Mai ba da shawara ce ta nemo shi, ba a tasha ba, ta hannun uwar ɗakinsa, wani dattijon ɗan daudu da ya koya masa girki. Ma'aikata biyu da abin ya dame su sun kawo shawarar a tara kowa a ba shi haƙuri a bainar jama'a. Ya ƙi sam. Ya ce duk wanda ya tsaya kare shi da babbar murya ƙara nuna shi yake yi, shi so yake ya shigo ya fita kamar kowa. Bai nemi a kira shi da sunan mata a layi ba, bai nemi a hukunta kowa ba, ya ma roƙi kada maganar ta kai kumsariya, wato ofishin 'yan sanda, domin ya san wanda za a fara tsarewa.

Wannan ya gyara wa masu kyakkyawar niyya lissafi. A hirar ce kuma wani abu ya fito wanda shekaru ba a sani ba: yana sayen ƙwayoyin tsarin iyali a kasuwa yana sha don jikinsa ya yi laushi, wani lokaci har yakan tsallake maganin ƙanjamau don ya ji an ce ɗaya yana kashe ɗaya. Dolutegravir ba ya rage ƙarfin irin waɗannan sinadarai. Haɗarin yana wajen ƙwayoyin kasuwar, domin sinadarin ethinylestradiol da ke cikin yawancinsu yana ƙara yiwuwar daskarewar jini a jijiya, balle ga mai shan taba, shi kuwa yana sha. Bai taɓa faɗa wa kowa ba don ba wanda ya taɓa yi masa tambaya da fuskar da za a iya amsawa.

Saura maganar kira. Bafulatani ba shi da wannan matsala, harshensa ba ya raba namiji da mace a wakilin suna. Hausa kuwa da wuya ka yi wa mutum magana ba ka zaɓa masa jinsi ba. Mai ba da magani ya ce shi bakinsa ba zai iya "ke" ba. Ba wanda ya tilasta shi. Aka tsaya a kan "ku" ta girmamawa, wadda ake yi wa kowane babba: ku shigo, ku zauna, ga maganinku.

Inda aka kwana

An daina kiran suna a layin sashen, lamba ake bayarwa a ƙofa. An hana fito da waya a wurin jira da bakin taga, har ga ma'aikata. An sa wa karnen sashen bango iri ɗaya da na kowa. Duk majinyata suka amfana, musamman matan aure da ke zuwa a ɓoye, kuma da sunansu aka gabatar da sauye-sauyen ga likitan da ke shugabantar cibiyar, ba da sunan ɗan daudu ba. Majo ta yi hakan da gangan.

Ya dawo. Awon farko ya nuna ƙwayar cutar ta hau, aka ƙara masa zaman shawara, awon da ya biyo baya ya sauka. Yanzu maganin wata uku ake ba shi a tashi ɗaya, da rana tsaka lokacin da layi ya watse. Cinikinsa na tasha bai farfaɗo ba, ya koma wata unguwa yana dafa wa masu biki. Wanda ya ɗauki hoton an san shi, gargaɗin baki kawai ya samu, don yana da wanda ya tsaya masa a sama.

Majo ma ta biya nata. An yi ta raɗe-raɗin cewa ƙungiyoyin Turawa sun saye ta, maganar ta kai gidanta, har maigidanta ya tambaye ta me ya haɗa ta da 'yan daudu da girmanta. Ta ce masa abin da ya haɗa ta da kuturu da karuwa da ɓarawon da jandarma suka kawo da ankwa, duk ta wanke musu ciwo. Wata abokiyar aikinta da suke cin abinci tare ta ja baya, har yau gaisuwa ce kawai tsakaninsu.

Akwai tambayar da ma'aikatan suka taso da ita da kansu kuma ba a warware ba. Cibiyar tana da ɗakin kwanciya biyu, na maza da na mata. Idan wata rana zazzaɓi ya kwantar da shi, ɗakin mata ba zai yiwu ba, matan da mazajensu ba za su yarda ba. Ɗakin maza kuwa shi ya ce gara ya mutu a gida. Majo ta ba da shawarar a gyara ƙaramin ɗakin da ake ajiye katifu a sa gado ɗaya, ya zama na duk majinyacin da ke buƙatar keɓewa. Mai kula da kuɗi ya ce babu wannan a kasafin bana, an tura maganar zaman kwamitin gudanarwa na gaba.